Bakin Gona ko Cikin Kurmi: Ina Mai Dakon Barewa Zai Kafa Dandamalinsa?

A jihohin tsakiyar Amurka irin su Wiskonsin, Ayowa, Mishigan da Ohayo, yawancin masu farautar barewa ba bin sawu suke yi ba, ba kuma kora suke yi da karnuka irin ta farautar gayya ba. Dako suke yi. Mutum yakan ɗaura ɗan dandamali na ƙarfe a jikin bishiya, kimanin ƙafa 15 zuwa 20 daga ƙasa, ya hau tun kafin gari ya waye ko kuwa bayan la'asar, ya zauna shiru har Allah ya kawo barewa ta gifta. Tun da mafaraucin ba ya motsawa daga inda yake, dabararsa duka ta tattaru ne a kan bishiyar da ya zaɓa, domin idan ya yi kuskure a nan, kyawun bindiga ko tsadar baka ba za su amfana masa komai ba. Na yi shekaru ina wannan dako a gonar wani dattijon manomi a kudu maso yammacin Wiskonsin, ƙasa mai tuddai da kwazazzabai, kuma tambayar da sababbin shiga suka fi yi mini ita ce ko a bakin gona za su kafa, inda ido ke kaiwa nesa, ko a cikin kurmi, inda mutum ba ya ganin abin da ya wuce 'yan taku.

Kafin a amsa, sai an san yadda barewa mai farin wutsiya take tafiyar da yininta. Da rana tana kwance a cikin sarƙaƙiya, ko gefen fadama, ko kafaɗar tudu inda iska ke kawo mata labarin abin da ke bayanta alhali idonta yana kan abin da ke gabanta. Idan rana ta yi sanyi sai ta tashi ta nufi wurin kiwo, ta kwana tana ci tana hutawa, sannan ta koma makwancinta da asuba. Ke nan wurare uku ne rayuwarta ta rataya a kansu, wato makwanci, da wurin kiwo, da turbar da ta haɗa su. Wanda ya kafa a bakin gona yana jiranta ne a ƙarshen tafiya. Wanda ya shiga kurmi yana tare ta ne a hanya.

Bakin gona yana da daɗin zama, kuma a farkon kaka yana da amfani na gaske. A Wiskonsin ana buɗe farautar kwari da baka a tsakiyar Satumba, lokacin da ganyen waken soya yake kore shar, barewa kuwa tana son sa ƙwarai, haka ma gonar alfalfa da ake noma wa shanun madara. A waɗannan makonni mazan suna yawo tare a ƙungiya, ba su fara faɗa da juna ba, kuma ba a taɓa firgita su ba tun hunturun bara, saboda haka sukan fito ta kusurwa ɗaya kusan kowace yamma kamar masu bin agogo. Mai madubin hangen nesa yana iya zama daga can gefe kwana biyu ko uku ya ga ta inda suke fitowa, sannan ya matsar da dandamalinsa can. Iska ma a fili ba ta da yaudara sosai, idan ta taso daga yamma za ta ci gaba da tahowa daga yamma, mutum ya san inda warinsa yake tafiya. Ga mai bindiga mai dogon zango, wanda ya saba harbi a yadi 200 ko fiye, fili yana ba shi lokacin ya duba dabbar da kyau, ya tabbatar mace ce ko namiji, babba ce ko ƙarama, ya jira ta juya masa haƙarƙari kafin ya ja kunama. Shi ya sa a Teksas da jihohin kudu ake yawan kafa ɗan ɗaki mai dogayen ƙafafu a bakin fili ko a kan doguwar hanyar da aka share a cikin daji.

Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. A shekarata ta farko na kafa a jikin wata babbar bishiya da ke kallon gonar wake mai faɗin eka kusan 40, kuma akwai yammacin da na ƙirga barewa 14 suna kiwo a gabana, zuciyata tana ta bugawa, amma wadda ta fi kusa da ni tana can wajen yadi 120. Baka a hannun mutum irina ba ya wuce yadi 30 idan ana son harbi mai tsabta wanda ba zai bar dabba ta tafi da rauni ba. Na yi sati uku ina kallon barewa kowace rana, ban saki kibiya ko ɗaya ba. Gona tana da bakuna da yawa, kuma barewa tana zaɓen wanda za ta fito ta cikinsa gwargwadon iskar ranar, alhali mai baka yana iya tsare baki ɗaya tak.

Akwai matsalar da ta fi wannan. Manyan maza, waɗanda suka kai shekara huɗu ko biyar, ba su kai wannan shekarun ba sai don sun koyi kada su taka fili da hasken rana. Doka a Wiskonsin ta hana harbi da zarar minti 20 sun wuce bayan faɗuwar rana, a Ayowa kuwa rabin sa'a ne, kuma sau da yawa babban namiji yana tsaye a cikin duhuwa, 'yan taku kaɗan daga bakin gona, yana shinshina iska yana kallon mata da ƙanana suna kiwo, har sai wannan lokaci ya shige sannan ya fito. Daga nan kuma sai batun sauka. Duhu ya yi, lokacin magariba yana tafiya, ga barewa cike da gonar da mutum zai ratsa ya koma mota. Idan ya sauko sai wata tsohuwar mace ta buga ƙafa a ƙasa, ta yi firji, ta ɗaga farin wutsiyarta, duka su watse, kuma sun riga sun san daga wace bishiya abin ya fito. Bayan an yi haka sau biyu ko uku, za su daina fitowa ta wannan gefe sai tsakar dare. Maganin da na samu shi ne na roƙi mai gonar ya riƙa zuwa da motarsa ya ɗauke ni a gindin bishiyar, domin barewar gona ta saba da mota da tarakta, takan kauce musu ta dawo ba tare da ta tsorata ba. Amma ba kowa ke da wanda zai yi masa wannan hidima kowace yamma ba.

Da safe kuwa bakin gona kusan ɓata lokaci ne, domin a daidai lokacin da mutum yake lallaɓawa cikin duhu zuwa bishiyarsa, barewar tana cikin gonar, shi ne zai kore ta da ƙafarsa. Gona ita kanta ba ta tsaya a kan hali ɗaya ba. Da ganyen wake ya fara rawaya a ƙarshen Satumba sai barewa ta juya masa baya, kuma idan aka girbe masara aka bi gonar da garma, abin da ya rage ƙasa ce kawai. Mai bindiga kuma wajibi ne ya san abin da ke bayan dabbar da yake nufi, domin harsashi a fili yana tafiya nesa, ga gidaje da tituna da shanun mutane. Yawan jama'a da shimfiɗar ƙasa ne suka sa jihohi irin su Ayowa da Ohayo da kudancin Mishigan suka daɗe suna taƙaita irin bindigar da za a yi amfani da ita, kuma Ohayo ba ta yarda da wasu bindigogi masu matsakaicin zango ba sai a 2014. Wanda yake irin waɗannan wurare ya lissafa da cewa rabin filin da yake kallo ya fi ƙarfin makaminsa.

Kurmi yana neman ilmi kafin ya ba mutum wani abu. A nan ba a ganin barewa daga nesa, alamunta ake karantawa. Akwai turba wadda kofato ya daddaɓe, akwai kashi sabo da tsoho, akwai ƙananan itatuwa da namiji ya goge ɓawonsu da ƙahonsa har farin jikinsu ya bayyana, akwai kuma wurin da ya tone ƙasa da ƙafa a ƙarƙashin wani reshe mai saukowa, ya yi fitsari, ya shafa goshinsa a reshen domin sauran su san ya wuce. Abincin kurmi mafi daraja shi ne 'ya'yan itacen da suke kira ok, kuma iri biyu ne manya. Na farin ok ba su da ɗaci sosai, suna zuba daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, barewa takan bar gona gaba ɗaya ta koma gindinsu. Na jan ok sun fi ɗaci amma sun fi daɗewa a ƙasa ba su lalace ba, sai su zama abincin baya. Wannan shi ne asirin abin da wasu ke kuka da shi a tsakiyar Oktoba, cewa barewa ta ɓace. Tana nan, ta dai koma cin abinci a inda mai zaman bakin gona ba ya ganinta. Wanda ya sami farin ok guda da ke zubar da 'ya'ya, ya ga ƙasa ta sha tono, ya ji kurege yana ta kai da kawo a sama, ya sami abin da ya fi gona mai eka 40.

Abin da na fi dogara da shi a kurmi shi ne wurin da ƙasa take matse tafiyar dabba, kamar yadda burtali yake matse shanu tsakanin gonaki biyu. Zai iya zama siririn layin itatuwa da ya haɗa kurmi biyu, ko inda doron tudu ya ɗan lotsa ya ba da sauƙin tsallakawa, ko kan kwazazzabo inda dole a zagaya, ko mashigin rafi mai gaɓa marar tsayi, ko ma inda wayar shinge ta yanke. Barewa ba ta son wahalar banza, kuma ba ta son fita sarari, saboda haka turbobi da yawa sukan haɗu a irin wannan wuri, su wuce a cikin yadi 20 daga bishiya ɗaya. Amfaninsa yana kaiwa ƙololuwa a makonni biyun farko na Nuwamba, lokacin barbara, sa'ad da mazan suke barin taka-tsantsan ɗinsu suna zagaye makwancin mata ɗaya bayan ɗaya da rana tsaka. A wannan lokaci mutum yana iya hawa da asuba ya zauna har magariba, kuma babban namijin da na fi alfahari da shi ƙarfe 11 da rabi na safe ya zo, kansa a ƙasa yana bin warin mace, a kan irin wannan lotsawar tudu.

Idan aka buɗe farautar bindiga ma kurmi ne ke da rinjaye. A Wiskonsin kwana 9 ake yi, ana farawa ranar Asabar ta ƙarshe kafin bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, a Mishigan kuwa ranar 15 ga Nuwamba. Mutum fiye da rabin miliyan ne suke fita a Wiskonsin kaɗai, sanye da rigar ruwan lemo ko ruwan hoda mai haske da doka ta wajabta. Kafin azahar ta ranar farko barewa ta fahimci abin da ake ciki, ta shige fadama da sarƙaƙiyar da mutum ba ya son shiga. Wanda ya kafa a kan hanyar gudunta, sauran mafarauta ne suke yi masa kora ba tare da sun sani ba.

Babban abokin gabar mai zaman kurmi shi ne iska, kuma a kan wannan na fi son sabon shiga ya tsaya ya yi tunani. Hancin barewa shi ne rayuwarta. Tana iya ganin mutum ta yi shakka, tana iya jin motsi ta tsaya ta saurara, amma idan ta shaƙi warinsa babu sauran shawara. A cikin itatuwa da tuddai iska ba ta tafiya a miƙe, takan bugi gangare ta juyo, ta zagaya cikin kwari kamar ruwa a cikin ƙwarya. Bayan haka akwai wata tafiyar iska da ba ta cikin hasashen yanayi: da hantsi, idan rana ta ɗumama ƙasa, iska tana hawa tudu, da yamma kuma idan ƙasa ta huce tana gangarowa kwari, tana ɗauke da warin mutum. Mafarautan can suna gwada ta da audugar wani tsiro ɗan uwan tumfafiya, mai irin wannan farin gashi da ke tashi idan kwanson ya fashe. Na taɓa kafa dandamali a ƙasan wani kwari mai cike da sawu, ina ganin na yi dace, na zauna sau huɗu ba na jin komai sai firjin barewa daga nesa. Ranar da na saki audugar nan, sai na ga ta tafi gabas kamar taku goma, ta tsaya, ta juyo ta wuce ta gefen kunnena, ta gangara kai tsaye kan turbar da nake tsaro. Sawun da ya ruɗe ni na dare ne, kuma wurin ba ya zaunuwa ko da wace iska. Na ciro dandamalin na mayar da shi kusa da doron tudu, inda sawu bai kai na ƙasa yawa ba amma iska tana da alƙibla.

Sauran wahalhalun kurmi sanannu ne. Busasshen ganye yana tona asirin mai tafiya, duhu yana riga sauka a ƙarƙashin itatuwa, ƙaramin reshe da ido bai gani ba yana iya kautar da kibiya, kuma barewa takan bayyana ba zato ta ba mutum daƙiƙa kaɗan. Ana iya yini ba a ga komai ba, abin da ke karya gwiwar yaro ko baƙon da aka kawo karon farko, shi ya sa irin waɗannan gara a fara kai su bakin gona su ga dabba da idonsu. Janyo barewa mai nauyin babban mutum daga ƙasan kwazazzabo kuwa aiki ne da ba a mantawa.

Ga Musulmi akwai wani abin lura da ya shafi wannan zaɓi. Mafarauci yana ambaton sunan Allah lokacin da zai saki kibiya ko harsashi, kuma idan ya tarar da dabbar da sauran rai wajibi ne ya yanka ta. A fili yana ganin inda ta nufa da inda ta faɗi, ya isa gare ta da wuri. A kurmi takan ɓace wa ido bayan tsalle uku, sai bin jini a kan ganye, wani lokaci da tocila. Wannan ya sa a kurmi ba na harbi sai dabbar tana kusa kuma ta ba ni haƙarƙari sosai, kuma idan hadari ya haɗu da yamma nakan haƙura, domin ruwa yana wanke jini.

Da za a ce mini dandamali ɗaya kawai zan kafa a shekara, da baka a hannuna, ba zan sa shi a bakin gona ba, ba kuma zan kutsa tsakiyar kurmi kusa da makwanci ba. Zan shiga yadi 40 zuwa 80 daga bakin gonar, a kan turbar da ta fito daga makwanci, musamman inda kusurwar gona ta kutsa cikin itatuwa. Aldo Leopold, malamin Jami'ar Wiskonsin, ya bayyana tun a 1933 cewa namun daji sun fi yawa a inda iri biyu na ƙasa suka haɗu, kuma duk wanda ya zauna a irin wannan wuri ya ga gaskiyar maganar. A nan ne babban namiji yake tsayawa yana jiran duhu, yana goge ƙaho yana tsintar 'ya'yan ok, tun da sauran hasken harbi. Daga nan kuma ana iya sauka a zame ta baya ba tare da an ratsa gonar ba. Sharaɗin dai shi ne a sami hanyar shiga da fita wadda ba ta taka turbar barewa, kamar cikin rafi ko bayan shinge, kuma kada a hau sai ranar da iska take kwashe wari zuwa inda ba a sa ran dabba. A yankin nan iskar kaka ta fi tasowa daga yamma da arewa maso yamma, don haka bishiyar da ke gabas ko kudu maso gabas da turba ita ce za ta fi samun ranakun hawa. Wanda yake da halin kafa na biyu, ya kafa shi domin iskar kudu, ya riƙa hutar da kowanne, tun da zaman farko a kan bishiya shi ne ya fi kowane albarka.

Wanda yake farauta a dajin gwamnati, inda kowa ke da izinin shiga, hukuncinsa ya fi sauƙi, domin duk wani fili mai kyau da ke kusa da wurin ajiye mota yana da masu shi tun kafin asuba. Ya yi nisa cikin kurmi da dandamalin da ake goyawa a baya, ya kuma karanta dokar wurin, saboda wurare da yawa sun hana kafa ƙusa a jikin bishiya ko barin dandamali ya kwana.

Fili yana dawo da darajarsa a Disamba. Barbara ta wuce, mazan sun rame, dusar ƙanƙara ta rufe abincin kurmi, kuma yunwa tana fito da su tun rana ba ta faɗi ba zuwa duk inda aka bar masara ko wake a tsaye. A irin wannan yamma, mai tsananin sanyi, ɗan ɗaki mai rufi a bakin gona ya fi dandamalin kan bishiya, domin itatuwa sun zubar da ganye babu abin da zai ɓoye mutum, kuma iskar fili a watan nan tana ratsa kowace irin riga.

Ko a ina aka tsayar da shawara, a duba lafiyar bishiyar kanta. Wani ƙwaro mai launin kore da aka fara ganowa a Mishigan a 2002, ya kuma iso Wiskonsin a 2008, ya kashe itatuwan da suke kira ash masu ɗimbin yawa, suna nan tsaye a bakin gonaki da cikin kurmi, miƙaƙƙu masu kama da sun dace da hawa, alhali rassansu suna karyewa ba gargaɗi. Faɗowa daga dandamali yana cikin manyan abubuwan da ke raunata masu farautar barewa, kuma yawanci lokacin hawa ko sauka yake faruwa. Ni nakan ɗaura ɗamarar tsaro tun ina ƙasa, na maƙala ta a igiyar da ta bi tsawon bishiyar, na hau hannu wofi, sannan na janyo baka ko bindigar da ba a ɗura ba da wata igiya dabam bayan na zauna.